Dattijon da Yake Tsaron Baya

An haife ni a Tudun Wada ta Kaduna a shekarar 1976, a gidan da ake ɗaukar gudu a matsayin aikin yara da marasa gaskiya. Ina firamare ba a cika wuce ni a tsere ba, kuma duk aiken da ake so ya isa da wuri ni ake ɗora wa, amma tun ranar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya zaunar da ni a shagonsa ya ce na girma, sai na ajiye gudu kamar yadda yaro yake ajiye langa. A wurinmu babban mutum takawa yake yi a natse, kuma idan aka hangi magidanci yana sheƙa gudu a titi, abin da za a fara tambaya shi ne ko lafiya. Da wannan fahimta na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, na sauke farali, na buɗe shagon kayan wutar lantarki, jikina kuma ya yi ta buɗewa har mutane suna cewa hutu ya karɓe ni, ni ma ina jin daɗin maganar.

A shekarar 2016 komai ya juya. Kayan da nake sayarwa, wayoyin wuta da ƙwayayen fitila da soket, daga Legas nake saro su a hannun masu shigo da su daga ƙasar Sin, kuma farashinsu da dala yake tafiya. Dalar da aka saba saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati sai ga ta ta haura 400 a kasuwar bayan fage. Na karɓi kaya masu yawa bashi, na rarraba wa 'yan kwangila su ma bashi, su ba a biya su ba, ni kuma waɗanda suke bi na ba su daina kira ba. Kafin ƙarshen 2017 na sayar da mota, na sayar da gidan da na gina, na saki shago, muka koma ɗaki biyu na haya a Unguwar Shanu.

Ba rashin kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, kunya ce. Na daina zama a majalisar da na shekara goma sha ina zama, na sauya masallacin da nake sallar Juma'a don kada in haɗu da waɗanda suka san ni da mota, kuma duk wanda ya kira ni Alhaji sai in ji kamar gori yake yi mini, alhali bawan Allah gaisuwa kawai ya yi. Barci ya ƙaurace mini. Nakan kwana ina lissafin bashi a kaina, in wayi gari in rasa abin yi sai ci da shan lemon kwalba, domin a lokacin su kaɗai ne abin da yake ɗan sanyaya mini zuciya. Maiɗakina tana ɗinkin hula da sayar da kunun aya don a ɗora tukunya, ba ta taɓa faɗa mini maganar da za ta ɓata mini rai ba, amma ni na kasa haɗa ido da ita.

Wata la'asar a farkon 2018, ina tsaye a sahu, jiri ya ɗebe ni, na farka na ga ana yi mini fifita. A asibiti aka auna jinina aka samu 180 bisa 110, aka kuma tabbatar mini da ciwon suga, sikeli ya nuna kilo 104. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da zaƙi da mai, sannan ya ce lallai in riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana, aƙalla kwana biyar a mako. Maganin na sha, abincin ma na ɗan gyara, amma tafiyar na ƙi. A ganina duk wanda ya gan ni ina taka ƙasa ba tare da wurin zuwa ba zai ce ga Alhajin da ya karye nan, ko kuɗin keke ba shi da shi. Wata tara na yi a haka, sai da wani maƙwabcinmu wanda na girme shi da shekara huɗu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, ya rasu bayan kwana shida ya bar yara ƙanana. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma a hanyar maƙabarta haki ya hana ni kai wa inda ake karɓa. Daren ranar na daɗe ina duban 'ya'yana suna barci.

Washegari bayan sallar asuba na fita cikin jallabiya da silifas, na nufi wajen Dandalin Murtala, da niyyar in yi tafiyata in dawo kafin gari ya waye sosai a gane ni. Na yi kwanaki ina haka ni kaɗai. Ranar wata Asabar ta watan Disamba, hunturu ya sauka, hazo ya rufe fitilun titi, sai na ji takun mutane a bayana. Wajen mutum 20 ne, maza da mata, suna sassarfa a jere. Na raɓe gefe na sunkuyar da kai har suka wuce. Can bayansu, da tazara mai yawa, wani siririn dattijo mai farin gemu yana tafe da jaka a goye, ya zo daidai inda nake ya rage gudu har ya koma takawa. Ya yi mini sallama, sannan ya ce, “Alhaji, in ba za ka damu ba zan taka tare da kai, gwiwata ce take neman hutu.” Na ce babu komai. Muka yi zagaye ɗaya da rabi, bai tambaye ni sunana ba, bai tambaye ni abin da ya fito da ni ba, hirar sanyi da tsadar masara kawai ya yi ta yi. Da na tsaya ina haki ya ciro ruwan leda daga jakarsa ya miƙo mini, ya ce duk Asabar da Talata da Alhamis suna nan bayan asuba.

Kowa a ƙungiyar Baba yake kiransa, ni ma haka na bi, shi kuma bayan ɗan lokaci ya daina ce mini Alhaji ya koma ce mini ƙanena, kamar ya karanci abin da kalmar take yi mini. A hankali na san labarinsa, ba daga bakinsa kaɗai ba, domin ba mai yawan maganar kansa ba ne. Ya shekara fiye da 20 yana makanikin injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da idan aka tashi daga aiki kekuna suke cika titi. Da masaƙun suka durƙushe a farkon shekarun 2000, ya tsinci kansa cikin dubban ma'aikatan da aka sallama, ga iyali, ga haƙƙin sallama da aka yi ta jira. Ya riƙa taka ƙasa daga wannan unguwa zuwa waccan yana neman keken ɗinkin da zai gyara, saboda babu kuɗin mota, kuma wata rana da ya makara wajen wani tela sai ya haɗa da sassarfa, ya ga ya isa, ya kuma ga daren ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Daga nan ya kama gudu, yana da shekara arba'in da 'yan kai, ba mai koya masa, ba mai biyansa, kuma mutanen unguwa suna ta raɗe-raɗin ko rashin aiki ya taɓa masa kai. Lokacin da na same shi ya kai shekara 60, yana da ɗan shagon gyaran keken ɗinki, kuma bai taɓa cin ko sisi da gudu ba.

Ƙungiyar tamu ba ta da rajista, ba ta da ofis, ba ta da mai ɗaukar nauyi. Akwai ma'aikatan gwamnati, da tsofaffin sojoji biyu, da ɗalibai, da wata ma'aikaciyar jinya, da matan aure masu gudu cikin hijabi da dogon wando. Akwai Musulmi, akwai Kiristoci masu tsallako kogi daga Barnawa da Sabon Tasha, abin da duk wanda ya san yadda garin nan ya rabu gida biyu tun rikicin shekarar 2000 zai fahimci ba ƙaramin abu ba ne. Muna da shugaba da ma'aji, amma Baba ba ya riƙe da kowane muƙami, an sha ba shi yana ƙi. Abin da ya ɗaukar wa kansa shi ne tsaron baya. Duk inda aka nufa, shi ne na ƙarshe, yana tare da wanda ya fi kowa rauni a ranar, kuma ba ya barin wurin taruwa sai ya ƙirga ya ga adadin da ya fita shi ne ya dawo. Yana da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, inda yake sa kwanan wata da sunan duk wanda ya zo da nisan da ya yi. Wanda aka rasa Asabar biyu a jere zai ga kiran Baba, wanda aka rasa uku kuwa zai ji sallamarsa a ƙofar gida.

Da na fara zuwa na ɗauka rashin ƙarfi ne ya sa yake baya. Sai daga baya na ga lambobin yabo biyu rataye a jikin ƙusa a shagonsa, a tsakanin bel-bel na keken ɗinki, na gudun fanfalaki na birnin Legas wanda aka fara a 2016. Da kuɗinsa ya hau motar dare ya je, ya tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, ya ratsa doguwar gadar nan ta Third Mainland, ya kammala kilomita 42 da mita 195 a Eko Atlantic cikin sa'a biyar da 'yan mintuna, ya kwana a masallaci, ya hau mota ya dawo. Mutumin da ya iya wannan shi ne yake takawa kusa da ni ina jan silifas.

Yadda ya koya mini ya cancanci in faɗe shi dalla-dalla, domin na ga mutane da yawa sun fara da zafi sun ji ciwo sun daina. Wata biyu bai bar ni na yi gudu ba, tafiya kawai, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Bayan haka ya kawo lissafin falwaya: in yi sassarfa daga wannan falwaya zuwa ta gaba, in taka uku, in sake. Da mako ya zagayo sai ya mayar da ita biyu da biyu. Ma'auninsa na sauri kuwa gaisuwa ce, yakan ce idan aka gaishe ka kana gudu ka kasa amsawa da cikakkiyar jimla, to ka wuce ƙarfinka, ka rage. Shi ya raka ni Kasuwar Barci wajen 'yan gwanjo muka zaɓi kambas, ya sa muka je da yamma saboda ƙafa takan ɗan kumbura a ƙarshen yini, ya danna babban yatsansa a gaban takalmin ya tabbatar akwai sarari. Da na nuna damuwa a kan sutura, domin ba zan iya fita da gajeren wando ba, sai ya nuna mini nasa dogon wandon ya ce da shi ya gama Legas. Ya sa ni in riƙa duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu kowane dare, saboda mai ciwon suga yana iya jin rauni bai sani ba har ya zama gyambo, kuma ya ce kada in kuskura in fito ba dabino uku a aljihu, don gudun sugan ya faɗi a hanya.

Duk da haka bai taɓa ɗaukar kansa likita ba. Bayan wata bakwai jinina ya sauka, na ji ƙarfi, sai na gaya masa ina tunanin ajiye magani tunda gudu ya warkar da ni. Ranar ce na fara ganin ɓacin ransa. Ya tsaya cak a bakin titi ya ce, “Ƙanena, ni makaniki ne. Wanda ya ɗora ka a kan magani shi ne zai sauke ka. In ka ajiye da kanka, kada ka sake biyo ni.” Haka kuma da azumi ya gabato, sai da ya tura ni na tambayi likita yadda zan yi da magani da motsa jiki kafin ya yarda in shiga tafiyar da suke yi bayan tarawihi. Ba zan ce mutum ne marar aibu ba. Yana da taurin kai, yakan yi wa samari masu sauri faɗa fiye da kima idan suka tsere suka bar jama'a, kuma har yau ya ƙi yarda a mayar da littafinsa cikin waya ko da yake an sha nuna masa sauƙin hakan. Amma ban taɓa ganin ya yi fushi a kan abin da ya shafi kansa ba.

A watan Agustan 2019, ana yayyafi, na yi kilomita biyar ban tsaya ba. Da muka iso na durƙusa kamar mai ɗaure igiyar takalmi don kada a ga hawayena. Shekara uku ke nan ban sa wani abu a gaba na cim masa ba, duk abin da na taɓa lalacewa yake yi, har na fara yarda cewa ni ne matsalar. Ba kuɗi na samu a ranar ba, bashina ko naira bai ragu ba, amma na koma gida na zauna na ci abinci tare da iyalina ina dubansu, kuma a makon ne na je na samu mutum biyu daga cikin masu bi na bashi, waɗanda na shekara ina ɓoye musu, muka zauna muka tsara yadda zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na kafa ɗan tebur ina sayar da ƙwayayen fitila da cajar waya a bakin titi, a fili, inda duk wanda ya san ni zai gan ni.

Ranar Asabar 12 ga Oktoba na shekarar, bayan mun gama gudu muka taru wajen mai shayi muka leƙa wayar wani ɗalibi, muna kallon Eliud Kipchoge na Kenya a birnin Vienna yana ƙoƙarin gama gudun fanfalaki cikin ƙasa da sa'a biyu. Ya gama a sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, samari suka yi ta ihu. Baba kuwa hankalinsa yana kan 'yan gudun da suke kewaye da shi suna kare masa iska suna daidaita masa taku, rukuni yana fita rukuni yana shiga. Ya ce mu duba waɗannan, kowannensu gwani ne a ƙasarsu, amma sun zo ne don wani ya isa. Ya daɗe yana kallon wayar bayan kowa ya koma kan shayinsa.

Da annobar korona ta zo aka kafa dokar kulle a Kaduna a ƙarshen Maris na 2020, teburina ya tsaya, fita ta gagara, na ji tsohon duhun nan yana dawowa. Kowace safiya bayan asuba wayata takan yi ƙara, Baba ne, da katinsa, yana tambaya zagaye nawa na yi a tsakar gida. Tsakar gidan hayarmu taku 14 ce daga rijiya zuwa zaure, a nan na yi ta kai da kawowa, yaran gidan suna bi na a baya. Haka yake bin mutanen littafinsa ɗaya bayan ɗaya har aka sassauta dokar. A watan Nuwamba na shekarar aka yi gasar gudun fanfalaki ta Kaduna karo na farko, mai kilomita 21 da kuma gajerun zango. Baba yana da ƙarfin yin babbar, amma ya shiga ta kilomita 10 tare da mu uku da ba mu taɓa shiga gasa ba, ya kawo mu har ƙarshe, ya ja baya ya bar mu muka riga shi tsallaka layi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini nauyin faɗa, kuma saboda shi ne na ga ya wajaba in rubuta wannan. Da jikina ya yi sauƙi, sai son gaba ya shige ni. Na sa manhajar auna gudu a waya, na shiga sahun samari, burina ya zama in gama kilomita 10 cikin ƙasa da sa'a guda. Na fara ganin masu tafiya a baya a matsayin masu ɓata wa jama'a lokaci, ni da ko shekara uku ban cika da barin silifas ba. A farkon 2022 aka yi wa Baba rasuwa a ƙauyensu, zai yi mako guda. Kafin ya tafi ya zo har teburina ya ce akwai wani malamin makaranta da ya fara zuwa, matarsa ta rasu ba da daɗewa ba, jikinsa da nauyi, zuwansa biyu ke nan, yana so in tsaya tare da shi ranar Asabar. Na ce in sha Allahu.

Asabar ta zo da sanyi mai daɗin gudu, samari suka ce yau za a gwada lokaci. Na taka tare da malamin kamar minti biyar, raina yana gaba, sannan na ce masa ya biyo mu a hankali, hanya miƙaƙƙiya ce, za mu haɗu a wurin taruwa. Na tafi. Na gama a minti 58, ana ta taya ni murna, har muka sha shayi muka watse ban tuna da shi ba. Daga baya na ji cewa ya yi ta tafiya shi kaɗai har ya daina hango kowa, numfashi ya ƙi, ya zauna a bakin kwalbati wajen rabin sa'a mutane suna wucewa suna dubansa, sannan ya tari keke ya koma gida.

Da Baba ya dawo ya buɗe littafi ya tambaya, na faɗa masa gaskiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ƙanena, amana na ba ka.” Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, “Ranar da na same ka a Dandali, lafiyar gwiwata ƙalau.” Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Shekara uku ina ɗauka sa'a ce ta haɗa ni da dattijon da ya gaji, ashe ya hango mutum yana raɓewa gefe da sunkuyayyen kai, ya gane ciwon domin ya taɓa yin irinsa, ya nemi hanyar da zai tsaya kusa da ni ba tare da na ji ana tausaya mini ba. Na koma gida na kasa cin abinci. Maiɗakina ta tambaye ni, da na gaya mata sai ta ce, “Baban yara, ai ba Baba za ka ba haƙuri ba, gidan malamin za ka je.”

Na je sau uku. Ya karɓe ni da mutunci, ya kawo mini ruwa, ya ce babu komai ya yafe, amma ya ce shi dai ya gane abin ba nasa ba ne. Baba ma ya je ya yi iya ƙoƙarinsa. Bai dawo ba har yau. Mukan gaisa idan mun haɗu, kuma duk lokacin da na ga yadda yake jan jiki sai in tuna cewa ƙofar da aka buɗe mini, ni na rufe masa ita saboda minti biyu da babu wanda ya amfana da su. Na cire manhajar daga wayata a makon, ba don laifinta ba ne, sai don na san zuciyata. Na roƙi Baba ya bar ni in riƙa tsayawa tare da shi a baya, ya ce baya ba ta da ƙofa, kowa yana iya zuwa.

A nan na ga aikin da yake yi da idona. Tsaron baya ya fi gudun gaba wahala, domin sai ka danne ƙafarka tana son tafiya, sai ka saurari wanda yake haki ka gane ko gajiya ce ko abin a kai shi asibiti ne, sai ka san lokacin da za ka yi hira da lokacin da za ka yi shiru. Mutane sukan faɗi abin da yake cikinsu idan suna tafe kafaɗa da kafaɗa ba a kallon juna. A bayan nan na ji labarin kora daga aiki, da rashin haihuwa, da ɗa mai shaye-shaye, kuma ban taɓa jin Baba ya maimaita maganar wani ga wani ba. Ni kaina sai a lokacin na lura cewa duk abin da na zazzage masa a 2019, babu ko mutum ɗaya a ƙungiyar da ya sani.

A 2023 gwiwar Baba ta kama shi da gaske. Likita ya ce guringuntsin ya cinye, ya hana shi gudu. Na yi zaton zai karaya, domin abu ne da ya shekara 20 yana yi, kuma na ga idonsa ya kaɗa ranar da ya gaya mana. Asabar ta gaba sai ga shi a kan tsohon kekensa, ya ɗaure jakar ruwa a kariya, littafi a aljihun gaba. A shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, wasu daga cikin masu zuwa daga nesa suka ɗauke ƙafa, sai ya shiga haɗa waɗanda suke unguwa ɗaya su riƙa fita tare a can, ana haɗuwa gaba ɗaya Asabar ɗin farko ta wata. Ni yanzu nauyina kilo 86, ina shan maganina, ina zuwa awo duk wata uku, na gama biyan bashi in ban da mutum ɗaya da ya rage, kuma teburin ya zama ɗan shago. Arzikin da ya tafi bai dawo ba, amma ina barci, ina zama a majalisa, kuma babban ɗana ya fara bi na ranar Asabar.

Watan jiya ruwa ya yi wa shagon Baba ɓarna, ya kira ni in taya shi kwashe kaya. A ƙarƙashin teburin aikinsa akwai wani kwali cike da tsofaffin littattafan ƙungiya, ya ce in kai su gidana in ajiye inda ba danshi. Da dare na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina shanyawa, ina ganin sunayen mutanen da suka ƙaura da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, har na kai ga na watan Disamba 2018. A ƙasan jerin sunayen wata Asabar, bayan ya ja layi, ya rubuta da jan biro: “Wani bawan Allah mai jallabiya da silifas. Zagaye ɗaya da rabi. A neme shi.”